Shanshanin gida: yadda ake gane shi da abin da yake iya yi wa mutum

Da zarar damina ta kankama a Damagaram, wato daga watan Yuli zuwa Satumba, ƙananan halittun da suka shafe watannin rani a ɓoye cikin tsagar bango da ƙarƙashin duwatsu sukan fito su shiga ɗakuna da makewayi da madafa. A cikinsu akwai wanda ganinsa kaɗai kan sa babban mutum ya ja da baya: wani siririn abu mai launin toka da rawaya, mai dogayen ƙafafu sirara ta kowane gefe, wanda yakan tsaya cik a jikin bango, sa'an nan idan hasken tocila ya taɓa shi ya zura da gudun da ido ba ya iya bi. Wannan shi ne shanshanin gida, kuma tambayar da ke biyo bayan ganinsa a kullum ita ce ko yana cizo, ko yana da dafi, ko zai iya yi wa yaron da ke kwance a tabarma lahani. Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, domin a gidaje da yawa matakin da ake ɗauka bayan an gan shi, wato yayyafa fiya-fiya a ɗakin da za a kwana, ya fi shi kansa haɗari nesa ba kusa ba.

Kafin a yi maganar illa dole ne a tantance abin da aka gani, domin halittu uku ne masu yawan ƙafafu ke shiga gidajenmu, jama'a kuma sukan yi musu kuɗin goro alhali halayensu sun sha bamban. Akwai shanshanin gida mai dogayen ƙafafu, akwai babban shanshani mai faɗin jiki da gajerun ƙafafu, akwai kuma ƙadandoniya. Na farkon shi ya fi ban tsoro a ido, shi ne kuma ya fi ƙarancin cutarwa. Na biyun shi ne mai cizon da ke hana barci. Ta ukun kuwa ba ta cizo ko kaɗan, sai dai tana da nata makamin. Wanda bai iya rarrabe su ba zai iya tayar da hankalin gida a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko kuma ya yi sakaci da wanda ya kamata a yi hattara da shi.

Jikin shanshanin gida ba shi da girma, domin tsawonsa bai wuce milimita 25 zuwa 35 ba. Ƙafafunsa da dogayen gashin kai guda biyu da yake shinshina hanya da su, su ne ke sa a gan shi kamar ya kai santimita 8 ko 10. Babba yana da ƙafafu 30, wato 15 a kowane gefe, kuma suna ƙara tsawo daga gaba zuwa baya, ta yadda ba sa harɗewa da juna idan yana gudu. Biyun ƙarshe sun fi duka tsawo, a jikin mace har sukan ninka tsawon jikin, kuma suna miƙewa ta baya daidai yadda gashin kan ya miƙe ta gaba, shi ya sa idan ya tsaya mutum kan rasa gane ina ne kai ina ne wutsiya. Wanda ya daure ya matsa kusa da fitila zai ga layi uku masu duhu sun bi gadon bayansa daga kai zuwa ƙarshe, zai kuma ga ƙafafun suna da zobe-zobe na haske da duhu. Cikinsa ba ya jan ƙasa, a ɗage yake a kan ƙafafun, kuma yana iya cin santimita 40 a daƙiƙa ɗaya, a ƙasa ko a bango ko a rufin ɗaki. Idan aka kai masa duka aka sami gefensa kawai, yakan yar da ƙafa ɗaya ko biyu ya tsere, ƙafar kuma ta ci gaba da motsi a ƙasa na ɗan lokaci. Wannan dabara ce ta ɗauke hankalin abin da ke son cinsa, kamar yadda tsaka ke yar da wutsiyarta, kuma ƙafar da ta faɗi ba ta ɗauke da dafi.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara bayyana siffarsa a rubuce a shekarar 1758, kuma sunan da masana ke kiransa da shi a yau shi ne Scutigera coleoptrata. Asalinsa daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, amma ya bi kayan fatauci da jiragen ruwa ya bazu a Turai da Asiya da Amurka, inda aka fara ganinsa a jihar Pennsylvania a 1849. Yana da dangi na kusa kimanin iri 100 a duniya, wasunsu kuma ƴan asalin ƙasashen Afirka masu zafi ne. Dukkansu ƙafafu 30 gare su idan sun girma, dukkansu kuma mafarauta ne masu gudu, saboda haka abin da za a faɗa a nan ya shafi wanda aka gani a bangon wani tsohon soro a Birni kamar yadda ya shafi wanda aka gani a ban ɗakin sabon gidan siminti a bayan gari. Ƙaraminsa yana ƙyanƙyashewa da ƙafafu 8 kacal, sa'an nan duk lokacin da ya yi saɓa sai su ƙaru, daga 8 zuwa 10, zuwa 14, 18, 22, 26, har su cika 30. Don haka ɗan ƙaramin da aka gani da ƙafafu kaɗan ba wata halitta ce daban ba. Yana kuma da tsawon rai idan aka kwatanta shi da sauran ƙwarin gida, domin yakan yi shekara 3 zuwa 7, mace kuma tana zuba ƙwai ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙasa mai laima, ba ta gina sheƙa ko shuri, ba sa kuma zaman taro irin na gara ko tururuwa.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da rayuwarsa shi ne cewa ba ya jure bushewa. Yawancin ƙwari suna da wani maiƙo a bayan fatarsu da ke hana ruwan jikinsu fita, shanshani kuwa ba shi da wannan kariya sosai, kuma ƙofofin numfashinsa, waɗanda a wannan iri suke jere a tsakiyar gadon baya, a buɗe suke koyaushe. Wannan shi ya sa yake ɓuya da rana ya fito da dare, shi ya sa kuma da wuya a gan shi a lokacin hunturu ko a tsakiyar bazara. A gari irin Damagaram, wanda ke zaune a kan dutse, wanda kuma ake janyo masa ruwan famfo daga nesa, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza, kusan kowane gida yana tanadin ruwa a randa da tulu da jarkoki da duro. Gindin randa, inda ruwa ke tsattsafowa ƙasa ta zauna da sanyi dare da rana, shi ne wurin da ya fi ko'ina laima a gidan da ko'ina ya bushe, sai kuma makewayi, da bakin rariya, da bayan jarkokin da aka jera aka daɗe ba a motsa ba. Duk wanda ya ɗaga randa daga mazauninta a watan Agusta ya san abin da ake tararwa a wurin: ƙasa baƙa mai danshi, ƙananan kyankyasai, gyare, kiyashi, wani lokaci kuma shanshanin da ya zo cin su.

Cin su ɗin kuwa shi ne dukkan sana'arsa. Shanshanin gida ba ya cin hatsi, ba ya cin tufafi ko takarda, ba ya cin azara ko katako, ba ya shan jinin mutum ko na dabba, ba ya kuma sauka a kan abinci kamar ƙuda ko kyankyaso, kuma ba a san shi da yaɗa wata cuta ba. Abincinsa ƙananan kyankyasai ne da asu da ƙuda da gizo-gizo da gara da kuɗin cizo, wato ainihin abubuwan da ke yi wa gida ɓarna. Yana da idanu masu ɗaruruwan ƙananan tagogi irin na ƙuda, abin da sauran dangin shanshani ba su da shi, amma ya fi dogara da gashin kansa wajen jin motsi da ƙamshi. Yakan daka tsalle ya faɗa kan abin farautarsa, ya naɗe shi da dogayen ƙafafun nan, wani lokaci ya riƙe ɗaya yana cin ɗaya. Bayan ya gama sai ya tsaya yana bin ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da baki yana share su.

To, ina batun dafi? Yana da shi, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Dukkan dangin shanshani, waɗanda masana suka ƙidaya fiye da iri 3,000, suna da wasu ƙafafu biyu a ƙarƙashin kai da suka rikiɗe suka zama ƙugiyoyi masu tsini, kowace da jakar dafi a cikinta, da su suke sumar da abin da suka kama. Sai dai ƙugiyoyin shanshanin gida ƙanana ne marasa ƙarfi, an yi su ne daidai jikin ƙwaro, kuma da wuya su huda fatar mutum. Ƙari a kan haka, halinsa gudu ne, ba ya tsayawa faɗa, sai fa idan an danne shi a cikin tufafi ko an kama shi da hannu. A lokutan da ba su da yawa da cizon ya shiga, abin da ake gani shi ne ɗan ja da kumburi da zafi wanda mafi tsananinsa bai wuce harbin zuma ba, kuma yakan lafa cikin ƴan sa'o'i. Mutanen da jikinsu ke tayar da borin jini idan ƙwaro ya harbe su, su ne kawai ke da dalilin ƙarin hattara, kamar yadda suke yi da zuma da rina.

Babban shanshani lamarinsa daban ne, kuma ina ganin yawancin labaran cizo mai tsanani da ake jinginawa ga mai dogayen ƙafafu, na wannan ne. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne mai gaɓoɓi a fili, mai sheƙi, launinsa daga ruwan ƙasa zuwa ja-ja ko rawaya da ratsin baƙi, ƙafafunsa gajeru ne masu kauri, 21 ko 23 a kowane gefe, kuma yana tafiya cikinsa na kusa da ƙasa yana lanƙwasa. Irin da ya fi yaɗuwa a Afirka, wanda masana ke kira Scolopendra morsitans, yakan kai santimita 10 zuwa 13, wani ɗan uwansa na Kudancin Amurka kuma yakan kai 30. Ƙafafunsa biyu na ƙarshe masu kauri ne da ƙayoyi, yakan ɗaga su idan an tsokane shi, shi ya sa mutane da yawa ke zaton da wutsiya yake harbi kamar kunama, har su danne bayan su bar kan, alhali dafin a gaba yake. Mazauninsa ƙarƙashin duwatsu ne da tarin tubali da tarin itace da tsohon juji, kuma idan ruwan sama ya cika masa rami yakan shigo ɗaki ya shige takalmi ko ƙarƙashin katifa ko cikin tufafin da aka yar a ƙasa. Cizonsa yana barin huji biyu kusa da juna, da zafi mai tsanani nan take wanda kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, da kumburi, wani lokaci da kaluluwa da zazzaɓi da ciwon kai. Mutuwa ta sanadinsa abu ne mai matuƙar wuya a duk duniya, amma jariri da ƙaramin yaro ba a yi musu lissafi irin na babba.

Ƙadandoniya ba ta da wuyar ganewa. Jikinta zagayayye ne mai tauri, ƙafafunta ƙanana ne birjik a ƙarƙashinta, huɗu a kusan kowace gaɓa, tafiyarta a hankali take, idan aka taɓa ta kuma sai ta naɗe. Ruɓaɓɓen ganye take ci, kodayake manoma sun san ɓarnar da take yi wa gyaɗa da gero lokacin tsiro. Ba ta da ƙugiyar dafi, amma idan an matse ta tana fitar da wani ruwa mai wari da ke rina fata ta yi duhu kamar ƙuna, abin da kan tsorata iyaye idan yaro ya sa takalmi da ita a ciki. Tabon yakan gushe da kansa. Inda ruwan ke da haɗari shi ne ido, saboda haka yaron da ya yi wasa da ita a wanke masa hannu da sabulu tun kafin ya murza ido, idan kuma ya riga ya shiga idon, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a kai shi likita.

Akwai wata gaskiya da ba na son ta ɓace a cikin wannan bayani. Wuraren da shanshani ke ɓuya su ne wuraren da kunama ke ɓuya, kunama kuwa a ƙasar Nijar, musamman can arewa wajen Agadas, tana kashe yara. Saboda haka idan yaro ya farka da dare yana ihu ba a kuma ga abin da ya taɓa shi ba, kada a ce ai shanshanin nan ne da aka gani jiya a bango a koma barci. Idan aka ga gumi mai yawa, ko dalalar miyau, ko amai, ko rawar jiki, ko numfashi ya sauya, a ɗauke shi a tafi asibiti a daren, ko na unguwa ko babban asibitin ƙasa na Damagaram, ba tare da jiran wayewar gari ba.

Idan kuwa an tabbatar shanshani ne, ƙarami ko babba, abin yi ba shi da yawa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ko kuma a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi sosai wanda fata za ta iya jurewa, domin duka biyun suna rage zafi, a kuma sha farasitamol daidai shekarun wanda aka ciza. Babu wata allurar karya dafin shanshani, ba a kuma buƙatarta. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure hannu ko ƙafa da igiya, kada a zuba fetur ko kananzir ko ruwan batir, domin waɗannan su ne ke mayar da ƙaramin huji ya zama gyambo. A tuna da allurar tetanos, cutar nan mai sarƙe haƙora, idan an daɗe ba a yi ta ba. Alamomin da ke wajabta zuwa asibiti su ne kumburin fuska ko leɓe, wahalar numfashi, ciwon ƙirji, jiri mai kayarwa, fitsari ya yi duhu, ko kuma wurin ya ci gaba da ja da zafi yana tara ruwa bayan kwana biyu. Jariri kuwa a kai shi ko da ba a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai batun fiya-fiya, wanda a nan ne ake yin gudun gara a faɗa gidan zago. Ruwan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe marasa takarda a kasuwa da bakin titi, yawancinsa sinadarin DDVP ne, maganin ƙwarin gona mai ƙarfi da ke shiga jiki ta numfashi da ta fata, yana kuma dagula aikin jijiyoyi. Alamomin gubarsa su ne hawaye da miyau da gumi da amai da gudawa da ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma yara sun fi saurin kamuwa saboda ƙanƙantar jikinsu da kuma kasancewarsu suna kwana a ƙasa, inda aka yayyafa shi. A rufe ƙofa da taga a kan iyali da wannan ruwa saboda halittar da da wuya ta iya huda fata, ba ciniki ne da mai hankali zai yarda da shi ba. Ko ta fuskar biyan buƙata ma bai cika aiki ba, domin shanshani yana can cikin tsaga inda ruwan ba ya kaiwa, kuma muddin laima da abinci suna nan, wani zai maye gurbin wanda ya mutu.

Abin da ke korarsa da gaske shi ne a raba shi da laima da maɓoya. A ɗora randa a kan murhu uku na dutse ko a kan karaga ta ƙarfe yadda iska za ta riƙa bi ta ƙarƙashinta, a riƙa motsa jarkoki ana share bayansu, a gyara rariya don kada ruwan wanka ya kwanta a gindin bango, a rufe bakin salga. Tun kafin ruwan farko a liƙe tsagar bango da yaɓe ko siminti, musamman inda bango ya haɗu da daɓe, a toshe ƙasan ƙofa, a kuma janye tarin itace da tubali da tsofaffin buhuna daga jikin ɗakin kwana. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su kakkaɓe tabarma da mayafi kafin a shimfiɗa, su cusa bakin sange a ƙarƙashin katifa ta ko'ina, su kuma zazzage takalmi da safe kafin su sa ƙafa. Waɗannan matakan ba don shanshanin gida kaɗai ake ɗaukarsu ba, su ne kuma ke tare babban shanshani da kunama, ga sauro da sange ke hanawa.

Game da shi kansa mai dogayen ƙafafun, ra'ayina shi ne wanda aka gani a makewayi ko a ɗakin ajiya a ƙyale shi, domin aikin da yake yi a can na amfanin gida ne. Wanda ya shigo ɗakin da jariri ke kwana, a kife shi da kofi a zura takarda mai kauri a ƙarƙashi a fitar da shi, ko a share shi waje da tsintsiya, wanda kuma zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganinsa, takalmi ya wadatar. Amma idan ana ganinsu kusan kowane dare a ɗakuna daban-daban, to yawansu yana nuna cewa akwai abin da ke ciyar da su, kuma wancan abin ne ya kamata a nema. A duba azara da ƙyauren katako ko gara ta fara gini, a haska bakin salga bayan isha'i a ga yawan kyankyason da ke fitowa, a buɗe ɗinkin katifa da gaɓoɓin gado a nemi baƙaƙen ɗigon da kuɗin cizo ke bari, a kuma taɓa gindin bango a ji ko ruwan famfo ko na indararo yana jiƙa shi ta ciki.